Zan kai Baba Indiya, za mu kwana a Adis Ababa: wa ya taɓa bin hanyar nan?

Ɗan Tudun Jukun:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wurin waɗanda suka saba hawa jirgi, don ni iyakacina Legas, sau ɗaya tak, shi ma wurin aiki ne suka tura ni.

Mahaifinmu za a yi wa aikin gwiwa a Delhi cikin watan Agusta in Allah ya kai mu. Shekarunsa 74, tsohon ma'aikacin reluwe ne, a nan Zariya ya ajiye aiki. Yana da ciwon suga, allurar insulin yake yi safe da dare, ga gwiwar dama ta matsa masa har daga gida zuwa masallacin unguwa sai ya tsaya sau biyu ya dafa katanga. Biza ta fito, tasa ta mara lafiya, tawa ta mai jinya. Kuɗin kuwa, 'yan'uwa sun yi karo-karo, sannan an sayar da gonarsa ta hanyar Giwa, don haka ko naira ɗaya ba na so ta tafi a banza.

Ejan ya kawo min zaɓi biyu. Na farko Ethiopian Airlines ne daga Kano, tikiti ɗaya har Delhi. Za mu tashi 1:30 na rana, mu sauka Adis Ababa 8:10 na dare, amma jirgin Delhi sai washegari 4:00 na yamma, wai na daren ya cika. Na biyu tikiti biyu ne daban-daban, kamfani biyu, ta wata ƙasar Larabawa, jira awa 9 cikin dare, kuma ya fi na farkon sauƙi da kusan naira dubu 300 mu biyun. Ba ƙaramin kuɗi ba ne a wurina, kuɗin magani ne guda.

Abin da ke hana ni barci shi ne: in mun bi ta Habasha, awa 20 ɗin nan ina zan kai tsoho? Za su bar mu mu fita alhali ba mu da bizarsu? Akwatunanmu za a ba mu mu kwana da su ko kuwa? Insulin fa, da a gida a firij yake zama?

Sai kuma rigimar Baba. Na ce zan nemar masa keke a filin jirgi, ya ce shi da ya yi Safa da Marwa da ƙafarsa a 1985 ba wanda zai tura shi kamar buhun masara a gaban jama'a. Hajiya kuma ta riga ta fara ɗaure kuka da daddawa da kilishi, wai ba za a kashe mata miji da abincin Indiyawa ba. Don Allah a taimaka.

Bakanon Sabon Gari:

Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa a yi aikin a sa'a.

Ku Zage-zagi ku da boko, ga makarantar koyon tuƙin jirgi a bayan gidanku tun 1964, amma zancen hawa jirgin sai kun tambayi Bakano. To ga shi. Ni ta Adis nake bi in za ni Guangzhou sayo kaya, na kwana a garin nan ya fi sau goma.

Ɗauki na farko. Ka'idar kamfanin ita ce in zangonka ya kai awa 8 bai wuce 24 ba, kuma tikitinka ɗaya ne, kuma ba wani jirgin da za su iya sa ka a ciki kafin wanda aka ba ka, to su ke da nauyin otal da abinci da motar kai ku da dawo da ku, da izinin fita na wucin gadi. Sharaɗin na ƙarshe shi ne inda nake so ka buɗe ido. Tunda akwai jirgin dare amma aka ce maka ya cika, kada ka tsaya ga bakin ejan. Shiga mota ka je Kano, awa biyu ne, ka sami ma'aikatan kamfanin da kansu su duba lambar tikitin su gaya maka otal yana ciki ko ba ya ciki. Kuma kada ka sa a ranka wai in abu ya ƙi za ka sayi biza a can bayan ka sauka. Dokar biza takan canza, mai koren fasfo ba ya tafiya da zato.

In kun sauka, kada ka bi ayarin masu gudu zuwa ƙofofin jirage, su jirginsu a daren zai tashi. Kai teburin masu yada zango za ka nema, ka miƙa fasfo biyu da katin shiga jirgin Delhi, su ba ku takardar otal, ku bi ta wurin jami'an shige da fice, bas na waje. Jiragen Afirka ta Yamma kusan a tare suke sauka da daddare, saboda haka sahu yakan yi tsawo. Wani lokaci Skylight ake kai mutum, otal ɗin kamfanin ne, yana dab da filin jirgin, wani lokaci wani daban. Ba kai ke zaɓa ba.

Akwatuna ba za ka gan su ba sai Delhi. Wurin awo a Kano ka duba takardar da aka liƙa wa kowace jaka da idonka, ka ga an rubuta DEL, wato Delhi, ba ADD ta Adis ba, ka adana ƙaramin yankin da za a manna maka a bayan fasfo, ka kuma ɗauki hoton jakunkunan da waya. Ma'ana duk abin da za ku buƙata a daren nan sai dai ya kasance a jakar hannu, ita kuma kilo 7 ce. Kayan canji ɗaya-ɗaya, magani, caja, silifas. Kuma rigar sanyi! Kada ka ce ai Afirka ce. Adis tana bisa tsauni, sama da mita 2,300, kusan ninki biyun Jos, kuma Agusta tsakiyar damina ce a can. Ranar da na fara zuwa da shadda ɗaya na sauka, haƙorana sai da suka yi ta kaɗawa a bakin bas.

Soket ɗinsu mai rami biyu ne zagayayyu, cajar nan tamu mai ƙafa uku ba ta shiga. Sayi adafta a shagunan PZ na Zariya kafin ka tafi, za ta yi maka aiki har Indiya.

Yanzu ga wadda ta taɓa kama ni, har yau abokan tafiyata na yi min dariya. Agogo biyu ake yi a Habasha. Ban da awa 2 da suka riga mu, mutanen gari suna da nasu ƙirgen da ke farawa daga fitowar rana, abin da muke cewa 7 na safe su 1 ne a wurinsu. Na tambayi mai gadin otal yaushe bas zai zo, ya ɗaga min yatsu bakwai. Ni kuwa tun asuba na yi wanka, na haɗa jaka, na miƙa makulli, 7 na safe ina zaune a falo da hula a goshi. Ashe 1 na rana yake nufi. Awa shida na yi a kujera ina kallon ruwan sama, kunya ta hana ni komawa in ce a mayar min da makullin. Da a ce ta ɗaya gefen kuskuren ya faɗa, da jirgi ya tafi ya bar ni. Tikiti da allon filin jirgi duk da agogon duniya suke aiki, amma in mutum ya faɗa maka lokaci da baki, ba shi biro ya rubuta, ka tambaye shi wanne yake nufi.

Zancen kayan Hajiya: kuka, busasshiyar kuɓewa, yaji, duk a babbar jaka, a leda mai haske, a rubuta sunan kowanne, don za a buɗe a Kano a duba. Daddawa a sa ta a roba mai murfi a naɗe sau uku, in ba haka ba rigunan Baba da ita za su gaisa da likita. Kilishi a bar wa jikoki, nama ba a son a tsallaka iyaka da shi. Kuma ko limamin unguwarku ne ya ce ga ɗan saƙo ka kai wa ɗansa a Indiya, a buɗe a gabanka ko ka ba shi haƙuri.

Anti Nas, Samaru:

Ƙanena, Alhaji ya gama da zancen otal, ni kan Baba zan yi magana. Ma'aikaciyar jinya ce ni, kuma na raka surukata Indiya ta wannan hanyar.

Insulin ba ya shiga babbar jaka ko kusa. Cikin jirgi inda ake zuba kaya sanyi na iya daskarar da shi, in ya daskare kuwa ya lalace, sannan in jaka ta yi ɓatan kai shi ke nan. Duka a hannunka: allurai, na'urar gwajin suga da tsinkayenta, ƙwayoyin hawan jini in yana sha, kowanne cikin kwalinsa na asali, kuma fiye da abin da kwanakin ke buƙata. Dokar ruwa-ruwa ta mililita 100 ba ta hana magani wucewa, amma ka riƙe wasiƙar likita da Turanci mai ɗauke da sunan kowane magani, ka fito da su ka nuna tun kafin a tambaye ka. Insulin ɗin da aka riga aka fara amfani da shi yana jure zafin ɗaki na wajen kwana 28 in dai ba a bar shi a rana ba, sauran kuma ka sa a 'yar jakar sanyi, in kun isa otal a sa a firij, banda wurin ƙanƙara.

Abin da mutane ke mantawa shi ne lokaci. Indiya ta riga mu da awa 4 da rabi, Habasha da awa 2. Ranar tafiyarku gajeruwa ce, in ya bi agogon bango zai yi allura biyu kusa da juna. Kai takardar tikitin wurin likitan da ke duba shi ya rubuta maka ƙarfe nawa za a yi kowace allura daga Kano har Delhi. Kada ni ko wani a nan ya yanka maka wannan. Kuma kada a yi masa allurar cin abinci sai tiren ya sauka a gabansa, don in jirgi ya shiga gargada sukan dakatar da rabon abinci. Dabino da alewa a aljihun rigarka, ba can sama a jaka ba. Ka ga gumi ya karyo masa, hannu na rawa, ko magana ta fara sarƙewa, ba shi nan take sannan ka gwada. Ana iya neman abincin masu suga a jirgi, amma sai an faɗa kwana biyu kafin tafiya.

Tsaunin da Alhaji ya ambata ba sanyi kaɗai ne ba. Iskar can ba ta kai tamu kauri ba, Zariya ba ta kai mita 700 ba. Tsoho zai iya jin haki ko ciwon kai, don haka ba yawon ganin gari, a ci abinci a kwanta. In yana da matsalar zuciya ka gaya wa likitan cewa a Adis za ku kwana.

Yalo kad fa, wato katin allurar rigakafin zazzaɓin shawara? Ba ka ambata ba. Indiya ba ta wasa da shi ga wanda ya fito daga Najeriya, mara shi killace shi ake yi har kwana 6. Katin ba ya fara aiki sai kwana 10 bayan allurar, kuma ga mai shekarun Baba sai likita ya auna kafin a yi masa ita in bai taɓa yi ba. Ka tambayi zancen ɗigon shan inna ma tun yanzu, kada ka bari sai satin tafiya.

To, keke. Surukata ma haka ta yi, har da kuka. Ban yi mata gardama ba, lissafi na yi mata. Daga inda jirgi ke tsayawa zuwa waje tafiya ce da ta fi daga Kofar Doka zuwa Babban Dodo a ƙafar mai ciwo, wani lokacin kuma jirgin a fili yake tsayawa, a sauko ta matakala a shiga bas a tsaye. Mai keke kuwa shi ake fara shigarwa, ba ya bin sahu, kuma mai tura shi ya san kowace ƙofa, kai ma ka huta da tambaya. Ka daina ce masa keken guragu, wannan sunan ne ke ɓata komai. A nema awa 48 kafin tashi, a gaya musu ba ya iya hawa matakala, alamar da suke sa wa irin wannan WCHS ce, ka ga an rubuta ta a dukkan jirage huɗun, zuwa da dawowa.

A jirgi kujerar bakin hanya za ka nemar masa, gwiwar dama ta gefen da zai iya miƙe ta. Ya riƙa motsa ƙafa, ya tashi ya taka in an ba da dama, ya sha ruwa. Na san tsofaffinmu, ƙin sha suke yi don gudun fitsari, kada ka yarda. Dogon zama na kawo daskarewar jini a ƙafa, kuma haɗarin ya fi yawa a dawowa bayan aiki. Saboda haka tikitin dawowa ya zama wanda ake iya ɗaga ranarsa, likitan da ya yi aikin ne zai ce yaushe zai hau jirgi, ba ejan ba.

Malamin Kongo:

Ni a kan dubu 300 ɗin nan kawai na shigo, don na taɓa cin irinta.

Lokacin ina karatu a Maleshiya na zo hutu, da zan koma sai na ga kamar na fi kowa wayo, na sayi tikiti biyu a intanet, kamfani biyu, da tazarar awa 6 a tsakani. Watan Janairu ne. Hazo ya rufe Kano, jirginmu bai tashi ba sai bayan awa biyar da wani abu. Muna sauka a can, jirgina na biyu na rufe ƙofa. Na je teburinsu, matar ta duba kwamfuta ta ce ban zo ba, tikiti ya ƙone. Na koma wurin na farkon, suka ce su ai sun kawo ni inda na biya. Kowa da gaskiyarsa, don ba wata yarjejeniya a tsakaninsu a kaina.

Wani abin da ban sani ba sai a ranar: da tikiti biyu, jakarka a tsakiyar hanya ake sauke ta, sai ka fita ta wurin shige da fice ka ɗauko ka sake awo. Fita kuwa sai da biza, ni ba ni da ita. Ina hango inda jakunkuna ke zagayawa ta cikin gilashi, ba damar zuwa. Kwana biyu na yi a filin jirgin nan. Kujerun duk masu hannun ƙarfe ne a tsakani, ba a miƙewa, sai na shimfiɗa dardumar salla a bayan wani ginshiƙi, da sanyin na'ura ya ishe ni na janye ta na lulluɓa na kwanta a kan tayil. Fitila ba ta mutuwa, lasifika ba ta yin shiru. Katina na naira ya ƙi aiki, dala 40 ɗin da ke aljihuna da ita na riƙa sayen ruwa da burodi ina ƙirgawa. Sabon tikitin da yayana ya saya min ya ninka abin da na yi tsammanin na rage. Lokacin shekaruna 33 kuma lafiyata ƙalau. Ka ɗora Baba a wannan tayil ɗin ka gani.

Da tikiti ɗaya, in jirgin farko ya makara, nauyin kamfanin ne ya sa ku a na gaba.

Inda na ɗan saɓa da Alhaji: ko an ce otal yana ciki, riƙe dala 150 zuwa 200 a jikinka, ƙananan takardu sababbi, daban da kuɗin asibiti. In wani abu ya hana ku fita, akwai otal na kuɗi a cikin Bole, filin jirgin Adis ɗin kansa, akwai kuma ɗakunan hutawa da ake biya. Sannan lissafa saukarku: awa 6 da rabi ne zuwa 7 daga Adis, wajen 1 na dare za ku taka Delhi. Asibitin su turo mota, ka karɓi lambar direban tun kana Zariya, ka rubuta ta a takarda tare da adireshin, kada ka bar su a waya kaɗai.

Almajirin Kusfa:

Allah ya ƙara sauƙi. Ba wanda ya taɓo salla, kuma na san ita Baba zai fara tambaya.

Kasaru ta hau kanku tun kuna hanyar Kano, don tafiyar ta wuce mil 48. A Adis ma kasaru za ku yi tunda kwana ɗaya ne. A Delhi kuwa, da yake kun yi niyyar zaman da ya wuce kwana huɗu, cikawa za ku yi. Ranar tashi, lokacin azahar a Kano yana shiga wajen 12:30 duk da masallatanmu sai biyu ake tayarwa, to ku riƙe alwala, da ya shiga ku haɗa azahar da la'asar kafin a kira ku. Magariba da lisha in kun isa masauki. Wadda ta riske ku a sama kuma kuka ji tsoron fitar lokacinta, a yi a zaune yadda ya sawwaƙa.

A kula da alƙibla. Mu nan mun saba cewa gabas har ta zama sunanta, amma Makka tana arewa da Adis kusan sak, a Delhi kuma yamma ake kallo. Baba zai yi musu, nuna masa taswira. Buta babu, sai ka tafi da gorar ruwa wadda ba komai a ciki, ka cika bayan an gama bincike.

Abinci kuma, a Habasha mahautan Musulmi daban, na Kirista daban, har alama suke sawa a shago. Ka tambaya a otal. In ranka bai kwanta ba ga ƙwai, ga kifi, ga shiro, miyar garin wake ce ba nama. Injerarsu kamar sinasir take amma ta fi tsami, Baba ya ɗanɗana kaɗan tukuna.

Ɗan Tudun Jukun:

Jama'a na gode, Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci.

Jiya na je Kano kamar yadda Alhaji ya ce. An duba, otal yana ciki, na sa an buga min a takarda. An sa alamar keken a jirage huɗun, da abincin masu suga. Na biya na farkon, Malam, dardumarka ce ta yanke min shawara. Anti, kin cece mu: katin Baba na tun tafiyar Hajji ne, ba a ma san inda yake ba, gobe za mu wurin likitansa da tikitin a hannu, a yi zancen katin da na allurai gaba ɗaya.

Keke kuwa, na karanta wa Baba lissafinki bayan lisha. Ya yi shiru, can ya ce a zamaninsu a reluwe ma in babban mutum zai hau jirgi ana sa masa akwati ya taka, ba a ce masa gurgu ba. Ya yarda, da sharaɗi biyu: sandarsa na hannunsa, kuma kada in kuskura in ɗauke shi hoto in tura wa 'yan gida. Zancen alƙibla dai har yanzu bai amince ba, ya ce sai ya ga inda rana ta fito a can.

Hajiya ta cire kilishin tana mita, daddawa kuwa ta ce sai dai a fasa tafiyar. Alhaji, sandar Baba mai kan ƙarfe ce, za a bar shi ya shiga jirgi da ita ko in nemo masa ta katako a kasuwar Tudun Wada?